Wa ya ba ka izinin yin wasa da ni?

Wani zane da na yi da biro a bayan rasit ya kusa kashe auren taubashina tun kafin a kai amarya, kuma har yau in na tuna sai kunya da dariya su taso min lokaci guda.

Ina da ɗan shago a nan Gusau, fotokwafi da buga katin biki da fosta, in lokacin siyasa ya zo mu ɗan samu na cefane da kalanda. Zane kuma tun firamare nake yi a bayan littafin lissafi, na sha bulala a kai ba adadi, ba sana'ata ba ce amma hannuna bai iya zama haka nan, in an ɗauke wuta babu man janareto to duk takardar da ta faɗo hannuna ta shiga uku. Shi kuma taubashin nawa ɗan goggona ne, hatsi yake saidawa, kuma wallahi ban taɓa ganin mutum mai riƙon kuɗi irin nai ba. Mutum ne da in ya auna maka gero yana shafe bakin tiya kamar mai aske jariri, amma in shi ya je sayen tumatur na ɗari biyu sai ya tsaya sai an yi mashi gyara, an ƙara ya ce a ƙara. Maganar kuɗin shara kuwa in watan cika-ciki ya kama rigima ce da ba mu taɓa gamawa ba, ni in ce shi zai ba ni, shi ya ce ai ni ne bawan.

To ana saura kwana biyu ɗaurin aurenai na zana shi a durƙushe gaban waliyyin amarya, tiya a hammata, hannu ɗaya yana miƙa sadaki kamar ana cire mashi haƙori, ido kuma ya karkata gefe inda na jera ƙannen amarya su uku. A ƙasa na rubuta dogon zance, wai Baba ga sadaki na biya cif, to amma ka san a kasuwa in mutum ya yi sayayya mai yawa ana ɗan duba mashi, ko za a yi min gyara. Na ɗauka na kai wa kakarmu, wadda ta haifi babana da mamarshi, don ita ce in ta yi dariya to abu ya yi. Ba ta karatun boko, sai na karanta mata. Ta matso da takardar kusa da hanci ta daɗe tana kallo.

"Kai angona ka cika surutu," in ji ta. "Mi ya kawo wanga dogon bayani? Ce 'Baba, ba gyara?' ka yi shiru."

Na soke na rubuta yadda ta ce, kalma uku, na sake karantawa, sai ga ta ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki tana tari. Da ta natsu ta sa yatsa kan 'yan matan nan uku ta ce, "Waɗanga kuma cire su. Ba naku ba ne."

Na ɗauki gyaranta na farko na watsar da na biyu, don a ganina 'yan matan su ne gishirin abin. Na ɗauki hoto na tura guruf ɗinmu na taubasai a WhatsApp, mu wajen ashirin, guruf ya kama da wuta, shi kanshi angon ya turo murya yana zagina yana dariya. Kafin isha'i matar wani daga cikinmu ta ɗora a status, kafin a rufe ƙofa ya isa gidan amarya. Baban yarinya ya aiko cewa 'ya'yanshi ba gero ba ne, in haka dangin ango sunka ɗauke su to a zo a karɓi kaya. Washegari da sassafe ni da Baffa da ƙullin goro muna zaure, ni a ƙasa kai a sunkuye, Baffa na ta "a yi haƙuri Alhaji, yaro ne, wasan taubasai ne ya fita waje". Tsohon ya ce kalma ɗaya da ta zauna min: shi ai ba taubashina ba ne.

An ɗaura aure lafiya, yanzu har da 'ya'ya biyu. Amma daga ranar na fara tambayar kaina wai mi ke sa abu ɗaya, zane ɗaya, kalma uku, ya sa mutum ashirin hawayen dariya a nan, ya sa dattijo rawar jiki don fushi a can, tsakaninsu tafiyar minti goma a mashin.

Cikin wannan neme-nemen ne, ina ƙona data da dare, na ci karo da jawabin wani Ba'amurke mai suna Bob Mankoff, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne wai akwai aiki a duniya, da albashi da ofis, sunanshi editan zanen barkwanci. Ba shi ne mai zanawa ba lallai, shi ne mai zaɓe. Mankoff ya riƙe wannan kujerar a mujallar The New Yorker shekara 20, daga 1997 zuwa 2017. Mujallar tun 1925 take fitowa, kuma duk da dogayen rubuce-rubucen da anka san ta da su, mutane da yawa in sun saya zanen suke fara bi shafi-shafi kafin su karanta komai, irin zanen nan mai hoto ɗaya da layin magana ɗaya a ƙasa, kamar dai nawa na bayan rasit.

Tarihin mutumin kanshi abin dariya ne. An haife shi 1944 a New York, ya yi nisa a karatun digiri na uku kan halayyar ɗan Adam, sai ya watsar ya ce shi zane zai yi, ka ji irin maganar da in ɗanka ya faɗa maka sai ka nemi malami ya yi mashi rubutu. Ya yi shekaru yana aika wa mujallar zane suna mayar mashi, sama da 500 anka ƙi karɓa kafin su sayi na farko a 1977. Salon zanen nai ma na wahala ne, ba ya jan layi, da ɗigo-ɗigo yake haɗa hoto. A 1992 ya kafa Cartoon Bank, wani kamfani da ke tara zane, har da waɗanda anka ƙi, yana saida wa masu so su sa a littafi ko riga ko talla, don masu zanen su samu abin sawa a baki. Bayan shekara biyar anka ba shi kujerar da Lee Lorenz ya bari. Da ya sauka a 2017 wata matashiya Emma Allen ta gaje shi, ita ce mace ta farko a kujerar.

Abin da ya fi tsaya min shi ne lissafin aikin. Kamar yadda ya bayyana, zane wajen 1,000 ke shigowa duk mako, mujalla kuma wajen 17 take bugawa. Masu zanen da sunka saba kowa na kawo kusan goma a mako, ya san tara ko duka goman za su dawo. Wato aikin mutumin nan daga safe har yamma cewa a'a ne, ga mutanen da ya sani, abokanshi, waɗanda ya san haya na jiransu, shi da ya fi kowa sanin ɗacin a'a ɗin. Shi zai tace ya rage, sannan ya kai gaban babban edita David Remnick a zauna a ware na ɗauka da na bari. Bayan nan kuma a duba ko an taɓa buga irin shi a baya, har masu tantance gaskiyar labari na mujallar sai sun duba zanen, kar a zana abu ba yadda yake ba. Duk wannan a kan wasa fa. Ni da na yi zane ɗaya, edita ɗaya ta duba min kyauta ta ce cire, na ƙi.

Zanen Mankoff da ya fi shahara na 1993 ne. Wani babban mutum a ofis, waya a kunne, yana duba littafin da yake rubuta alƙawuran ganawa, yana ce wa na cikin wayar Alhamis ba za ta yiwu ba, ya batun "har abada", ta yi maka? Na gwada fassara shi a majalisarmu ta wajen mai shayi, wallahi ko mutum ɗaya bai motsa ba, wani ma cewa ya yi "to sai me ya faru?" Na ji haushi amma daga baya na gane su ke da gaskiya. Abin dariyar shi ne an ɗauki lafazin ladabi na ofis an zuba rashin mutunci a ciki, to mu ba mu da al'adar buɗe littafi a ba ka rana, ba mu san ladabin ba balle mu ji inda anka karya shi. Namu daban ne. Namu shi ne tela ana saura kwana uku sallah, yadinka na nan a ƙasan tebur ko alli bai taɓa shi ba, ya dube ka ido cikin ido ya ce "Alhaji aljihu kawai ya rage". Da na faɗi wannan majalisa ta tashi, don kowa a wurin tela ya taɓa yi mashi, telan ma yana zaune yana shan shayi.

Masana sun daɗe suna kokawa da wannan tambayar. Thomas Hobbes na Ingila tun ƙarni na 17 ya ce dariya jin fifiko ne, ka ga wani ya faɗi kai kana tsaye. Akwai gaskiya a ciki, duk wanda ya taɓa ganin mai babbar riga ya zame a taɓo ranar Juma'a ya sani. Su Kant da Schopenhauer sunka ce a'a, karo ne tsakanin abin da kake jira da abin da ya zo, hankalinka ya tafi gabas magana ta ɓullo yamma. Wannan ne ya sa kaka ta yanke min dogon zance, don duk kalmar da na ƙara tana ba mai sauraro lokaci ya hango inda za ni, kuma kalmar da ke ɗauke da abin, gyara, dole ita ce ta ƙarshe, in ka sa wani abu bayanta kamar ka harba bindiga ne sannan ka ce "tau". Freud kuma a 1905 ya ce dariya hanya ce da abin da muke dannewa ke samun fita, shi ya sa wasa ya fi yawa a kan aure da kishiya da mutuwa da masu mulki.

Amma wanda ya warware min matsalar zaure shi ne bayanin wasu masana biyu a Amurka, Peter McGraw da Caleb Warren, a 2010, wanda shi ma Mankoff yake yawan kawowa. Sun ce sai abu biyu sun haɗu lokaci guda: an taka wata ƙa'ida, kuma mai ji ya tabbata babu cuta a ciki. In babu takawa, magana ce kawai ba gishiri. In babu amincin, cin mutunci ne. Misalin da ya fi sauƙi cakulkuli. Ka yi wa kanka, ba abin da za ka ji. Yayanka ya yi maka, ka yi ta ƙyalƙyala. Wani ƙato da ba ka sani ba ya tare ka a lungu ya sa maka hannu a hammata, ihu za ka yi. Hannu ɗaya ne, hammata ɗaya. To a guruf ɗinmu kowa ya san zanen a kan rowar ango yake, 'yan matan ado ne. A gidan amarya ba wanda ya san shi da tiya, abin da sunka gani baƙo ya zana 'ya'yansu a layi kamar buhu.

Kuma in ka duba mu Hausawa tuntuni mun gina wa wannan abin shari'a, ba mu dai rubuta ba. Wa zai yi wasa da wa a tsare yake. Taubashi da taubashi. Kaka da jika, ita ta ce maka miji ta ce ka kasa cefane, kai ka ce ta tsufa za ka yi mata kishiya, maganar da in ka yi wa mamarka sai an tara maka dangi. Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, su haɗu a mota ba su taɓa ganin juna ba, daga jin "daga ina" sai a fara, wannan ya ce bawana wancan ya ce kai dai, a sauka ana musayar lamba. Har lokaci anka ware, tashe daga goma ga azumi, yaro ya sa gemun auduga ya kwaikwayi tsoho a ƙofar gidan tsohon, a ba shi hatsi. Ya gwada haka bayan sallah ya ga. Sarki da kanshi yana da wawa wanda zai faɗi abin da waziri ba zai iya ba. Makaɗan fadar ƙasar nan tamu kuwa, irin su Narambaɗa, in za su yi zambo ga abokin hamayyar sarki ba kasafai suke kama suna ba, sai su siffanta mutum, ko su ba shi sunan wata dabba, duk garin ya san da wa ake, shi kuma ba ya iya kai ƙara don in ya kai ya amsa ke nan.

Wato editan da Amurkawa sunka ba ofis, mu dangantaka ce ke yi mana aikinshi. Ita ke cewa wannan ya wuce, wannan bai wuce ba. Matsalar ita ce waya ba ta san dangantaka ba. Hoto in ya fita, ba ya tafiya da takardar da ke cewa "wanda ya zana ɗan kawun wanda anka zana ne, kuma kakarsu ta gani". Shi kaɗai yake tafiya tsirara. Rabin faɗan da nake gani a Facebook ɗin Arewa wannan ne, wani ya yi wasan da a majalisarsu daidai ne, ya faɗa hannun mutum dubu da ba su san shi ba. Sauran rabin kuma, kar mu yi wa kanmu ƙarya, rashin kunya ce tsagwaronta ake lulluɓawa da "wasa nake". In ka ce wasa kake, tambaya ita ce shi wanda ka yi wa ya san da haka, kuma in ya rama za ka iya ɗauka?

Akwai wani masani Robert Provine da ya bi mutane a kasuwa da titi yana rubuta lokacin da suke dariya, ya gano mutum ya fi yin dariya kusan sau 30 in yana cikin mutane a kan in yana shi kaɗai, kuma mafi yawan dariyar ba bayan wani barkwanci take zuwa ba, bayan maganar banza ce irin "kai ka zo?" Wannan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Je ka gidan suna ka saurari ɗakin mata daga waje. Abin da ya nuna min shi ne aikin mai zanen mujalla ya fi na ɗan kama wuya nesa ba kusa ba, don ɗan kama yana da taro, yana da kalangu, yana ganin fuska, in abu bai ci ba ya juya. Mai zane kuwa yana son ya sa mutum ɗaya, zaune shi kaɗai, wanda bai taɓa gani ba, ya yi dariya da hoto ɗaya.

A Najeriya muna da masu zane, kuma ba yau ba. Akinola Lasekan yana yi wa jaridar Azikiwe, West African Pilot, zane yana caccakar Turawan mulki tun shekarun 1940. A zamaninmu ga Mustapha Bulama na Daily Trust, wanda in abu ya faru a ƙasa mutane ke jiran su ga yadda zai zana shi. Amma kusan duk namu na siyasa ne. Irin wancan na rayuwar yau da kullum, miji da mata, tela da mai kaya, malami da ɗalibi, uwar miji, layin gidan mai, da Hausa, a hoto ɗaya, ban cika gani ba, ya koma hannun masu bidiyo na TikTok, kuma su ba mai tace musu, kowa editan kanshi ne, abin da ya zo kai a ɗora. Wani lokaci kuma editan da ke jiransu alƙali ne: a Nuwamba 2022 kotu a Kano ta yanke wa wasu samari biyu bulala 20 kowanne da tara da sharar kotu saboda bidiyon da sunka yi a kan gwamnan lokacin. Ni ra'ayina a nan a fili yake, mai mulki shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya kai ƙarar wasa, sarakunan da ma da sunka fi su iko sun ajiye wawa a fada suna ciyar da shi.

Akwai wani abu a tarihin aikin Mankoff da na fi jin shi a jikina fiye da duk sauran, saboda inda muke zaune. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, mujallar ta fito da baƙin bango, kuma ta ajiye barkwancin da ta saba a wannan fitowar. A garinsu abin ya faru, ba mai iya wasa. Sai a fitowa ta gaba sunka dawo da shi, kuma wanda anka fi tunawa na Leo Cullum ne: wata mata zaune kusa da wani mutum mai wata irin kwat mai ban tsoro, tana ce mashi ta ɗauka ba za ta sake dariya ba a rayuwa, sai ta ga rigarshi. Ka lura, ba su taɓa gawa ba, ba su taɓa harin ba. Rigar wani anka kama.

Mu a Zamfara wannan tambayar ba ta mako ɗaya ba ce, kullum muna cikinta. Kuma muna dariya, wanda bai zauna nan ba ba zai yarda ba. Lokacin da anka rufe layukan waya a Satumba 2021, mutane na shiga mota har Funtua don su yi kira, a majalisa abin da ake cewa masu bashi ne kawai sunka ji daɗin gwamnati, ga wanda ya yi wa budurwa ƙaryar yana Abuja yanzu dole ya zo da ƙafa. Amma na lura da wani abu, irin wannan wasan in ɗan Gusau ko ɗan Tsafe ya yi sai a yi dariya, in wani daga nesa ya rubuta a Facebook wai 'yan Zamfara kaza, ko da kalmomin iri ɗaya ne, sai ka ji kamar an watsa maka ruwan zafi. Wanda ke cikin rami shi ke da izinin cewa ramin da sanyi.

Bara waccan anka tare motar su taubashina a hanyar dawowa daga cin kasuwar ƙauye. Ba zan yi dogon bayani ba, duk wanda ke nan ya san yadda ake yi, kiran waya, a saida abin da za a saida, a bi dangi gida-gida. Ya yi kwana 26. Ranar da ya dawo na je gidan goggo, ɗaki cike, an shimfiɗa mashi katifa a ƙasa, mutumin da na sani da tumbi ya koma kamar sanda, ƙafafu duk sun kumbura sun fashe. Ba mai magana sai "sannu, Allah Ya kiyaye gaba", mata na share hawaye da bakin mayafi, kaka na gefe da carbi, ta ƙi cin abinci tun safe. Ni da ko gaisuwa ba mu taɓa yi ba sai da zagi, na durƙusa na ce mashi sannu ɗan'uwa, na ji kalmar ta yi min baƙo a baki.

Ya ɗago ya dube ni, murya can ƙasa. "Nawa kunka ba su?"

Baffa ya ce a bar maganar. Ya ce a'a shi sai an faɗa mashi. Anka faɗa mashi. Ya rufe ido ya daɗe, har na ɗauka kuka zai yi. Sai ya buɗe.

"Duk wanga kuɗi," ya ce, "ko gyara ba ku ce su yi muku ba? Ga mutum tara can na baro zaune."

Kaka ce ta fara. Wani irin sauti ya fito mata ta hanci, ta toshe baki da carbi, sai ɗakin ya fashe gaba ɗaya, goggo na dariya tana dukan ƙafarshi mai ciwo yana ihu, matarshi, yayar 'yan matan nan uku da na zana, ta fita da gudu tana riƙe da ciki. Kuma cikin dariyar anka koma kuka, don mutum taran nan gaskiya ne, ya san sunan kowannensu, daga baya ya zauna ya lissafa mana garuruwansu anka nemi danginsu.

Kwanaki da ya dawo kasuwa ya murmure tumbi ya fara leƙowa, na je rumfarshi na ce ina son in zana wannan maganar, amma wannan karon sai ya yarda, kuma sai na kai wa kaka ta duba. Yana auna wa wata mata dawa bai ko ɗago ba, ya shafe bakin tiya tas.

"Zana," ya ce. "In an saya, rabi nawa."